Iyakar da Ta Tare Inna Sanatu

Akwai wani likita mai suna Abdul-Jalil da ke aiki a wani babban asibiti a Doha. Ƙwararre ne a ciwon ƙoda, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya ta Hausawan Najeriya mazauna birnin. Ilimi kam akwai shi, amma ji da kai ma akwai shi har ya yi yawa.

Ranar Babbar Sallah ƙungiyar ta yi walima a gidansa da ke unguwar Old Airport. Ana cikin zuba shinkafa sai ga wani bawan Allah ya yi sallama. Sunansa Ja'afaru, mai gadi ne a wani kanti, mutumin ƙasar Maraɗi. Ya ji Hausa daga kan titi, zuciyarsa ta kawo shi.

"Daga wace jiha?" in ji Dokta.

"Ranka shi daɗe, ni ɗan Nijar ne."

"To ai taron 'yan Najeriya ne wannan. Ku ba ku da taku ƙungiyar? A zuba masa a leda ya tafi da shi. Yalla, a yi maza."

Ja'afaru bai karɓi ledar ba. Ya yi musu barka da Sallah, ya sa takalminsa ya fita.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Mahaifiyar Dokta, Inna Sanatu, 'yar Nijar ce. Bai taɓa gaya wa kowa a Doha ba.

Asali uban Dokta da uwarsa ƙauyensu ɗaya ne. Da Turawa suka zo wawason ƙasa, Ingila na son gyaɗa da fatu da haraji, Faransa ma na so, kowa na tsoron ɗan'uwansa ya riga shi. Sai suka zauna can ƙasashensu suka ja layi a takarda, ba tare da sun tambayi ko mai unguwa ba. Layin ya bi ta tsakiyar gonakin ƙauyen. Gidan kakan Dokta na wajen uba ya faɗa Najeriya, na wajen uwa ya faɗa Nijar.

Bayan rasuwar mijinta Inna ta koma gidan iyayenta. Da ciwon ƙoda ya kama ta, sau biyu a mako mota ke tsallaka da ita zuwa Katsina a yi mata wankin ƙoda. Dokta ya sha roƙonta ta dawo Najeriya da zama.

"Wace Nijar kuma?" takan ce. "Ni ɗakin uwata nake, Abdu."

Wata guda bayan walimar nan sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka ruf. Direban da ke kai Inna ya ce ko ƙafarsa ba zai kai wurin ba. Asibitin ɓangarensu kuwa da nisa, ga layi, ga rashin wuta.

Wanki ɗaya ya wuce ta. Na biyu ma ya wuce. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya.

Dokta ya san ma'anar kowace alama, har kwanakin da suka rage mata yana iya ƙiyastawa. Da safe ya wanke ƙodar Larabawa da Indiyawa, in ya fito ya tsaya a baranda yana kiran manyan da ya sani. Kowa amsa ɗaya: "Dokta, abin daga sama ne, sai haƙuri."

Da ya rasa mafita, sai ya nufi kantin nan da tsakar rana. Ya tarar da Ja'afaru a bakin ƙofa cikin kayan gadi. Da ƙyar Dokta ya faɗi abin da ya kawo shi da sunan ƙauyen.

Ja'afaru ya dube shi. "Ashe tsohuwa tamu ce?"

Dokta ya sunkuyar da kai.

"Khalas, shi ke nan, Dokta, bar zancen. Ina da wa a can yankin, Baballe, ya san hanyar daji kamar tahin hannunsa. Bari in kira shi."

Washegari Baballe ya shimfiɗa katifa a amalanken shanu, domin Inna ba ta iya zama a babur. Suka bi hanyar gonaki. Damina ce, rafi ya cika ya batse, shanu suka ƙi shiga. Suka juyo.

Rana ta biyu suka zaga ta wata hanya, suka yi kiciɓis da masu sintiri. Baballe ya yi magiya, ya buɗe musu ƙafafunta suka gani. Ya miƙa musu waya, Dokta ya yi Turanci, ya yi Hausa, har ya yi kuka. Babbansu ya ce shi ma yana da uwa, amma in ya bar su suka wuce, kakinsa ne zai tafi.

Suka zauna a inuwar wata tsamiya suna jiran a canza masu gadin. Daga nan suna hango motar da Dokta ya turo, tana tsaye a ɗaya ɓangaren, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Bayan azahar Baballe ya kira. Dokta na tsakiyar duba marasa lafiya.

"Dokta, sai haƙuri. Inna ta cika."

'Yan'uwan Ja'afaru ne suka yi mata sutura, su suka sallace ta. Dokta yana da fasfo, yana da kuɗin jirgi, amma babu hanyar da za ta kai shi. Kwana uku Ja'afaru na zuwa gidan nan na Old Airport bayan ya tashi aiki, yana zama kusa da shi ana karɓar gaisuwa. Da Dokta ya buɗe baki zai nemi gafararsa, sai Ja'afaru ya tare shi.

"Mun so mu kai ta, wallahi. Ba mu iya ba."

Sai bayan wata bakwai aka buɗe iyaka. Dokta ya isa ƙauyen, Baballe ya raka shi maƙabarta. Ruwan damina ya riga ya baje ƙasar, ciyawa ta fito ta bushe. Baballe ya yi ta dube-dube, can ya nuna wasu kaburbura uku a jere.

"Ɗaya daga cikin waɗannan ne, Dokta. Ban iya rantse maka wanne ba."

Dokta ya durƙusa a gaban duka ukun, ya ɗaga hannu, ya yi musu addu'a gaba ɗaya.

Darasi: Baƙi ne suka ja layin nan don amfanin kansu, sun tafi sun bar mu da ciwonsa. Ba mu da ikon share shi daga ƙasa, amma kada mu ɗauke shi mu dasa a zukatanmu har mu wulaƙanta ɗan'uwa saboda launin fasfonsa. Ku tura wa 'yan'uwanmu na ɓangarorin biyu, ku kuma sa iyayenmu da suka riga mu cikin addu'a.