Aljani Mai Zobe

A can wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki adali wanda abu ɗaya ya hana shi sakat. Ɗansa na fari, Sa'adu, mai shekara bakwai, ya karye a hannu har sau uku cikin shekara guda.

Al'adar ƙasar ita ce uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, duk don kunya. Saboda haka tun da aka yaye yaron, Sarki ya ba Waziri Jibo riƙonsa. Jibo kuwa amininsa ne tun suna ƙanana, tare aka yi musu kaciya, kwano ɗaya suka tashi suna ci. Duk ran da yaron ya karye, sai Waziri ya zo fada idonsa jawur, ya ce aljani ne ya sake jefo shi daga kan tsamiya. Malaman fada suka yi ta rubutun sha, aka yi turare, aka sare tsamiya har bakwai. Ni dai na tausaya wa tsamiyoyin nan, ba su ji ba, ba su gani ba.

Da abin ya ishi Sarki, sai ya tara fadawa ya ce, "Duk wanda ya nuna mini aljanin da ke damun yaron nan na gidan Waziri, ya faɗi abin da yake so."

Fadawa suka kalli juna. Can sai wani tsoho ya rarrafo daga bakin zaure. Cindo ne, maɗorin da ya ɗaure karayar duka ukun. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina roƙon ɗanyen karan dawa guda biyu, a kuma kawo yaron."

Aka kawo. Cindo ya ɗauki kara ɗaya ya buga shi da dutse, ya karye a gicciye. Ya ɗauki na biyu ya murɗe shi kamar mai matse wanki, ya tsage a karkace. Ya ajiye su gaban Sarki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina ɗori. Yaron da ya faɗo daga bishiya, ƙashinsa irin na farko yake yi, kuma za ka ga gwiwa da tafin hannu sun goge. Yaron nan bai taɓa zuwa mini da gogewa ba. Sau ukun nan duk irin kara na biyu ne. Murɗe hannun aka yi."

Babban malamin fada ya gyara rawani ya ce, "Ai aljani ma yana murɗa."

Cindo ya ce, "Haka ne, Malam. Sai dai wannan aljanin yana sa zobe, domin na ga shaidarsa a fatar yaron. Yanzu zan kwance ɗorin, a gwada zoben kowa."

Ya duƙa kamar zai kwance, amma bai taɓa ko zare ɗaya ba. Sai ya ɗago ya ce, "Waziri, da muka shigo akwai zoben azurfa a hannunka na dama. Ina ya tafi?"

Kowa ya duba. Yatsan Waziri fayau, sai farin zagaye inda zoben yake zama. Sarki ya umarci dogari ya girgiza hannun rigarsa, zobe ya faɗo ya gangara.

Cindo ya ce, "Babu wata shaidar zobe, ranka ya daɗe. Na faɗa ne don in ga wanda zai cire nasa. Ni ma kuma ina da laifi. Tun karaya ta farko na gane, na yi shiru, na ce tarbiyyar gidan manya ba ruwan maɗori. Irin wannan karayar na ɗaure ta a gidajen garin nan ba iyaka, ban taɓa tambaya ba."

Sarki ya daɗe yana kallon amininsa. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Jibo, da kashe ni ka yi niyya da na fi ganewa. Amana na ba ka."

Waziri ya ce, "Renon sarkin gobe nake yi maka. Yaron ya cika kuka, na ce in taurara shi."

Cindo ya matsa kusa da yaron, ya tambaye shi a hankali, "Jikana, me ya hana ka gaya wa kowa?"

Sa'adu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Waziri ya ce Sarki ne ya sa shi. Ya ce shi ya sa Sarki ba ya kallona."

Babu wanda ya iya ɗaga ido a fadar nan. Sarki ya ji kunyar da ta fi ta ɗan fari nesa ba kusa ba, don ya gane da shirunsa aka yi ta dukan ɗansa.

Nan take ya tuɓe rawanin Jibo, ya sa aka miƙa shi ga alƙali, aka yi masa hukunci aka kore shi daga ƙasar. Sa'an nan ya kafa doka cewa duk maɗori, da wanzami, da ungozoma da ya ga rauni a jikin yaro wanda bai yi daidai da labarin da aka ba shi ba, ya kai maganar gaban alƙali, ko ɗan wane ne. A kuma tambayi yaron shi kaɗai, ba a gaban mai riƙonsa ba. Da aka tambayi Cindo ladansa, ya ce wannan dokar ta ishe shi. Kafin shekara ta zagayo, aljanun tsamiya sun ragu ƙwarai a garin.

Amma a ranar, kafin a tashi daga fada, Sarki ya sauko daga karaga, ya durƙusa gaban yaron, ya miƙa hannu zai shafa kansa. Sa'adu ya runtse ido, ya kare fuskarsa da hannunsa mai lafiya.

Hannun Sarki ya tsaya a sama. Ya waiwayi Cindo, hawaye na bin gemunsa.

Tsohon ya ce, "Ƙashin dai kwana arba'in zai haɗe, ranka ya daɗe. Wannan kuwa ban iya ɗorinsa ba. Sai ka zauna kusa da shi, ka yi ta zama."

Sarki ya sauke hannunsa, ya zauna a ƙasa.