Raƙumin Baba Lirwanu

Akwai wani maƙeri da aka yi a Bodinga, sunansa Mijinyawa. Aikinsa zubi: ya narka tarkacen alminiyam, ya zuba tukwane da ludaya. Abin ya faru ne a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da aka tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi. Shekarar dai ta ɓace mini, amma na san ana gab da Babbar Sallah.

Kasuwar tukwane ta mutu. Wanda bai da abin dafawa ba ya sayen sabuwar tukunya. Rumbun Mijinyawa ya yi ƙasa, matarsa Laraba har ta fara auna gero da ƙaramin kwano.

Wata ranar kasuwa ya je Kajiji neman tarkace. Can ƙarƙashin wata tsamiya ya ga wani tsoho masassaƙi, Baba Lirwanu, ya baza turame da kujeru. A gefensu akwai ɗan raƙumin icce na wasan yara, tsawonsa bai wuce taƙi ba.

Mijinyawa ya ɗauka, ya kasa ajiyewa. Tozon nan, leɓen nan da ya zazzago, har kanta ta gwiwa, komai yana wurinsa. Ga girman kan nan na raƙumi a fuskarsa, kamar shi ma yana duban mutum daga sama. Ya ce a ransa, tsarki ya tabbata ga wanda ya sa wannan a hannun ɗan Adam.

Ya biya abin da tsohon ya faɗa, bai taya ba.

A gida ya danna raƙumin cikin damammen yashin zubi, ya cire, siffarsa ta zauna tsaf. Ya kwarara narkakken ƙarfe. Da ya huce sai ga raƙumi fari yana walƙiya. Ya huda ƙafafun, ya sa masa tayoyi, ya ɗaura zare a wuya yadda yaro zai ja.

Laraba ta tsaya a bakin maƙera tana kallo.

"Maigida, ka dai shaida wa mai shi?"

"Mai wa? Ni na mai shi. Da kuɗina na saye."

"Ɗaya ka saye. Ni kau garke nika gani."

"Laraba, in kin sayi kaza, ƙwanta na wa ne?"

"Kaza ita ka yin ƙwanta. Wanga kai ka yi mishi."

Ya yi dariya, ya ci gaba da zuga wuta.

Raƙuma kuwa suka karɓu. Wani ɗan koli mai suna Mode yana kwasa yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Yara suka ƙirƙiro wasan tsere da su, a ja layi a ƙasa, kowa ya ja nasa. Gero ya dawo gidan Mijinyawa. Ya zuba raƙuma buhu guda cur ya ajiye, da kuɗinsu yake sa ran ragon layya da ɗinkin yara.

Sai ga Mode wata safiya, fuska ba walwala.

"Maƙeri, juya cikin raƙumin nan ka duba."

Mijinyawa ya juya. A ƙarƙashin cikin akwai ɗan zane kamar sawun zabo. Ya sha ganinsa, ya ɗauka ado ne.

"Alamar gidan su Lirwanu ce," in ji Mode. "Tun kakansa. Duk abin da ke ɗauke da ita, in ya lalace ka kai musu, gyara kyauta, ko shekara nawa ya yi. Yashinka ya kwashe ta ya sa wa raƙumanka duka."

"To?"

"To ƙafafun suna karyewa. In sun karye bakin kamar aska. Wata yarinya a Dandin Mahe ta faɗi kan nata, tafin hannunta ya tsage. Ubanta ya duba alama, ya wuce Kajiji, ya wanke tsohon nan tas a gaban jama'a."

Mijinyawa ya ajiye raƙumin. "Ya faɗi sunana?"

"Bai faɗi sunan kowa ba."

Mijinyawa ya ɗaure buhun a bayan keke ya kama hanya. Duk tsawon tafiyar yana shirya maganarsa. Zai ce ciniki ya halatta masa. Zai ce shi ya ƙara tayoyi, don haka abin ya zama nasa. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa sammacin alƙali.

Ya yi sallama a ƙofar gidan, aka amsa daga zaure. Da ya shiga sai ya tsaya cak.

Tsohon yana zaune a kan buzu, raƙuman ƙarfe sun kewaye shi, masu ƙafa uku, masu biyu. Yana riƙe da magagari yana goge bakin kowace karaya har ta yi sumul. Wanda ya rasa ƙafa ya fiƙe masa ta icce, ya ɗaure da jijiya. Yatsunsa duk tsumma ne a naɗe, jini ya ɓullo ta wasu. A bayansa, jikin bango, ga raƙumansa na icce a jere, ba wanda ya saya tun da na ƙarfe suka fito.

Duk maganar da Mijinyawa ya shirya ta gudu. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ni na zuba su."

"Na sani, ɗana. Kai kaɗai ka taɓa sayen raƙumi ba ka taya ba. Ya hanya? Ya mutanen Bodinga?"

"Baba, don mi ba ka hwaɗi ba? An ci mutuncinka a kan aikina."

Tsohon ya hure garin ƙarfe daga magagari.

"In na ce ba nawa ba ne, gobe duk mai alamar ga sai shi yi shakka. Kakana ya yi alkawari da ita. Ba a tambaye ni ba da anka buga ta, amma tawa ce." Ya ɗaga wani raƙumi yana juya shi a haske. "Kuma ka iya zubi, wallahi. Har inda wuƙata ta zame ya hito."

Hawaye ya zo wa Mijinyawa. Ya kwance buhun ya tura gabansa.

"Ga sauran. Abin Sallata ke nan duka. Ka ce in narke, in narke."

"Narke su za ka yi," in ji tsohon a hankali. "Ƙahwar icce tana lanƙwasa kaɗan, ta wanga ƙarhe ba ta yi. Ba ka sani ba don ba ka tambaya ba. Raƙumi guda na sayar maka, ɗana. Ka hau shi, ka ƙone shi, ka ba wanda kaka so. Amma haihuwatai, wannan sai ka zo da goro mu zauna."

"In na zo da goron fa?"

Tsohon ya yi murmushi, ya miƙa masa magagari. "Fara da waɗanga tukuna. Hannuna ya gaji."

Mijinyawa ya wuni a zauren yana guga. Washegari ya tafi Dandin Mahe da ƙafarsa, ya tsaya a gaban uban yarinyar da mutanen unguwa ya ce aikin nasa ne, tsoho ba shi da laifi. Ya koma gida ya narke buhun. A shekarar ba a yi layya a gidansa ba. Laraba ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, ko kuwa ta faɗa sau ɗaya, na manta.

Bayan Sallah ya sayi goro ya koma Kajiji, suka zauna. Baba Lirwanu ya sassaƙa masa sabon raƙumi musamman don zubi. A gurfane ya yi shi, ƙafafu naɗe a ƙarƙashinsa, wuya a miƙe kamar yana shirin tashi, babu inda zai karye. Mijinyawa ya daɗe yana kallonsa, don ya fi na farko kyau nesa. Suka yi sharaɗi a gaban shaidu: kowace kasuwa tsoho yana da rabonsa, gyara kuma a kai Bodinga.

Wannan raƙumi ya kai Yabo, ya kai Tambuwal, ya ciyar da gidaje biyu har wuyar ta wuce. In mai saye ya yaba aikin, Mijinyawa yakan ce, "Ni wuta kawai na hura. Mai shi yana Kajiji."

Darasi: Sayen abu daban, mallakar fasahar da ta yi shi daban. Jikokina sun ce yanzu a kwamfuta ake sayen siffofi, mutum ya gyara su ya sa a wasanninsa ya raba wa duniya. To ku tambayi mai aikin iyakar abin da ya sayar muku kafin ku yawaita shi, domin sunansa yana tafiya tare da aikinsa duk inda kuka kai shi. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, Allah ya ciyar da mu da halal.