Mai Maganin da Ya Nuna Gidaje da Yatsa

Akwai wani mutum mai ba da magani a wani ƙauye a gindin dutse. Mutane sukan shiga ɗakinsa su faɗa masa abin da ko a gida ba su faɗa ba, shi kuwa yakan taimake su gwargwadon saninsa.

Ana nan sai wani mugun tari ya shigo ƙasar, yana ramar da mutane, waɗansu har ya kai su kabari. Sai ga masu bincike daga babban asibiti, suna neman gane cutar domin a samo maganinta. Suka ce masa, "Baba, ka ga masu tarin nan da yawa. Faɗa mana yadda yake farawa, da irin mutanen da yake kamawa."

Mutumin ya yi murna ƙwarai, gama ya gaji da zuwa jana'izar waɗanda ya kasa warkarwa. Ba su roƙe shi sunan kowa ba, amma ya ce a ransa, in sun san kowa da gidansa aikin zai fi sauri. Sai ya zaga da su cikin ƙauye da rana tsaka, yana nuna gidaje da yatsa. Ya ce, "Nan Afiniki mai ƙosai take, tarinta har da jini." Mata kuwa suna bakin rijiya, suka ji.

Kashegari Afiniki ta soya ƙosai, ba wanda ya tsaya. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da nata. Sai ta tafi wurinsa ta ce, "Baba, kai kaɗai na gaya wa."

Ya ce, "'Yata, don a ceci rayuka na yi."

Ta ce, "Ni ma ina so a cece su. Da ka tambaye ni, da na bi baƙin nan har asibiti da ƙafata. Amma ciwon a ƙirjina yake, ba a naka ba."

Bayan 'yan kwanaki ta kwashe 'ya'yanta ta koma wani gari. Tun daga nan masu tari suka riƙa kulle kansu a ɗaki, suna toshe baki da zane. Sa'ad da masu binciken suka komo da magani, mutumin ya bi gida gida yana kira, kowa ya ce masa lafiyarsa ƙalau.

Ma'anar wannan misali ita ce, labarin ciwon mutum amana ce. Bincike abu ne mai kyau, Allah kuwa yakan warkar ta hannun masu ilimi. Amma kyakkyawar niyya ba ta ba ka izinin ba da abin da ba naka ba. A cikinmu akwai masu aikin asibiti, akwai kuma waɗanda ake gaya wa damuwa domin addu'a. In ilimin zai amfani jama'a, cire sunan da duk abin da zai sa a gane mai shi. In kuwa dole sai da suna, je ka tambaye shi tukuna. In ya ce a'a, ka kama bakinka.