Gonar Gafiya a Bakin Mashigi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wata Gafiya mai gona a bakin mashigi. Gonar ba ta da girma, amma duk mai gangarawa kogi ko mai haurowa tudu sai ya bi ta gefenta. Tudu na Raƙumi ne, ruwa na Kada, kuma su biyun ko gaisawa ba sa yi.

Uwar Gafiya ta bar mata gonar da gargaɗi ɗaya: ana ba da aron ƙasa a shuka gero ko wake, amma ba a barin mai aro ya dasa itace. Hatsi ana girbewa a tashi. Itace kuwa, wanda ya dasa shi ya kafa iko a wurin.

Gafiya ba ta da sukuni. Ta leƙa tudu, ta leƙa ruwa, ta shige rami, ta sake fitowa. Tsoronta ɗaya ne, ran da manyan nan za su gwabza su tattake mata gona.

Rannan sai ga Raƙumi da buhun dawa.

"Ƙanwata, Kada ya sa miki ido. Ara mini kusurwar arewa. Ba zama na zo yi ba, tsaro na zo yi."

"To, Yaya," in ji Gafiya, ta ja buhu cikin rami.

Da Kada ya hango Raƙumi a tsaye, sai ya hauro da kwandon shinkafa.

"Ƙanwata, kin ga mai doron can? Ara mini kusurwar kudu. Ba zama na zo yi ba, tsaro na zo yi."

"To, Yaya."

Gafiya ta ga hanyar ci ta buɗe. In ta je wurin Raƙumi sai ta ce, "Yayana Kada fa ya ƙara mini shinkafa." Sai ya ƙara dawa. In ta je wurin Kada sai ta ce, "Yayana na tudu hannunsa a sake yake." Sai ya ƙara shinkafa. Ta yi ƙiba, ta daina noma, amma ba ta daina leƙe ba.

Da bazara ta yi zafi, Raƙumi ya ce, "Ƙanwata, rana na dukana a bakin aikinki. Bari in dasa ɗan dabino in sami inuwa."

Gafiya ta tuna da uwarta. Ta dubi ɗan tsiron, bai kai tsawon wutsiyarta ba. Ta dubi buhunan da ya zo da su.

"Wannan ai ciyawa ce, Yaya. Dasa."

Kada ya ce, "Shi ya dasa, ni a hana ni?" Ya binne ƙwallon giginya.

Shekaru suka wuce, itatuwa suka yi tsawo. Wata safiya Gafiya ta leƙo, sai ta ga abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba. Raƙumi ya gurfana, Kada ya miƙe a gefensa, suna hira a tsakiyar gonarta. Sun gaji da gaba, sun shirya. Ba wanda ya aika mata.

"Yayyena, tunda an yi sulhu, tsaro ya ƙare ke nan. Sai ku sakar mini gonata."

Raƙumi ya ci gaba da tuƙa. Kada ya ce, "Wace gona?"

Ta ruga wurin Kunkuru mai unguwa. Kunkuru ya tako a hankali, ya dubi dabino, ya dubi giginya.

"Wa ya dasa wannan?"

"Raƙumi ne, ranka ya daɗe."

"Wancan fa?"

"Kada."

"Kina nan aka dasa?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"To, ki tambaye su ko za su ara miki wata kusurwa."

Ba su ara mata ba. Suka ja iyaka ta kan bakin raminta, suka bar mata abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa har yau Gafiya ke zaune ƙarƙashin gonar wasu, tana haƙa ƙofa nan, ƙofa can, tana leƙe.

Yara, ƙaramin da ke ci daga gabar manya ya sani ba faɗansu kaɗai ne abin tsoro ba. Ran da suka shirya, a kan gonarsa za su zauna.

Ƙurunƙus kan gafiya. A rufe garwashin nan da toka, kowa ya nemi tabarmarsa.