Noti Biyar da Guntun Alli

Akwai wani bakanike da abokan aikinsa ke kira Injiniya. Tsokana ce, don kullum sai ya tuna musu cewa shi da takardarsa, zaman gareji na ɗan lokaci ne kafin aikin ofis ya fito. Shekara shida ke nan ana jiran wannan ofis.

Hannunsa na da kyau, ba mai musu. Matsalar ita ce hannun kawai yake zuwa aiki, hankalin yana cikin waya. Sifana a dama, waya a hagu, yana leƙen wanda ya samu aiki da wanda ya sayi mota.

A rumfar da ke jikin tasa akwai wani dattijo, Baba Mai Alli. Duk notin da ya ɗaure, sai ya zaro guntun alli daga bayan kunne ya ja masa layi.

"Baba, gyaran mota kake ko makaranta ka buɗe?" in ji Injiniya.

"Ɗan nan, so nake in san inda na tsaya."

Wata safiya yayar Injiniya ta kawo motarta. Za ta kai mahaifiyarsu ganin likitan ido a wani gari mai tafiyar awa uku, ga 'ya'yanta biyu a baya.

"Auta, birkin gaba yana min ƙara. Duba mana kafin mu hau babban titi."

Ya ɗaga mota da jek, ya cire tayoyin gaba, ya gyara birkin. Yana cikin mayar da taya ta biyu, ta dama, sai wayarsa ta yi ƙara. An fitar da sunayen waɗanda wani kamfani ya kira ganawa. Hannu ɗaya na murza noti, ɗaya na jan sunaye. Ya bi su har ƙasa, ya sake bi. Babu nasa.

Ransa a ɓace ya sauke jek, ya miƙa mukulli. Ko addu'ar da Inna ta yi masa ta taga bai ji da kyau ba.

Bayan kamar rabin awa ya ɗaga wani tsumma zai goge hannu, sai ga sifanar taya a ƙarƙashi.

Yaushe ya ajiye ta a nan? Kafin ya sauke motar, ko bayan? Ya rufe ido ya nemi tayar dama a kansa. Wallahi sunayen mutanen nan yana iya jero goma daga ciki, amma noti biyar na motar da uwarsa ke ciki, ko ɗaya bai tuna ba.

Ya kira Yaya. Wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, don ita ba ta taɓa waya in tana tuƙi. Ya kira Inna, a kashe. Ya sake kiran Yaya har sau bakwai.

"Baba, ka ga na ɗaure tayar dama?"

"Ni kake tambaya? Ina kan aikina." Dattijon ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya jefo masa mukullin babur. "Ɗauki sifanar. Kar ka tsaya tunani."

Bai taɓa sanin titin nan na da tsawo haka ba. Duk inda ya hango mutane sun taru a gefen hanya, sai ya rage gudu ya leƙa. Wajen wata kwana ya ga baƙar roba a kwance, ya taka birki har ya kusa faɗuwa. Ashe tsohuwar tayar tirela ce. Bakinsa ba abin da yake iya faɗa sai "Ya Allah, ya Allah."

Can a wani gidan mai ya hango motar a tsaye. Ƙaramar 'yar Yaya ce ta matsa sai an tsaya ta shiga banɗaki. Allah Ya yi wa wannan yarinya albarka.

Bai gaishe da kowa ba, ya durƙusa gaban tayar hagu. Ɗaure take tam. Ya zagaya ta dama, ya kai hannu. Notin farko ya juya da yatsu biyu. Na biyu ma haka. Inda na biyar yake, rami ne kawai, ya riga ya faɗi a hanya.

Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Auta, lafiya? Dama tun ɗazu sitiyarin ke rawa a hannuna, na ce ko hanya ce."

"Ba hanya ba ce, Yaya. Ni ne. Waya nake kallo."

Yaya ta dubi tayar, ta dubi 'ya'yanta. Inna ce ta leƙo ta taga.

"Ni da na ce wa yayarka ta saki jiki ta yi gudu, ai ɗana ne ya taɓa motar."

Wannan maganar ta fi masa mari zafi. Ya samo noti a wurin mai faci, ya ɗaure biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya yana hawaye, yana ƙirgawa da baki.

Da ya koma gareji, ya tsaya a rumfar dattijon.

"Baba, akwai sauran allin nan?"

Baba bai yi masa dariya ba. Ya karya nasa biyu, ya miƙa masa rabi.

Yanzu wayar a aljihun riga take, rigar kuma a rataye jikin ƙusa har a tashi. Bai daina neman aikin ofis ba, amma ya ce akwai wata 'yar ƙara da noti ke yi in ya zauna daidai, shekara shida bai taɓa jin ta ba sai yanzu. Duk motar da ta fita daga hannunsa, yakan bi ta da kallo har ta sha kwana, zuciyarsa a kwance.

Darasi: Aikin da ka raina, ran wani na rataye a jikinsa. Ka sa hankalinka inda hannunka yake, a nan daɗin aiki da kwanciyar rai suke. Ku tura wa ɗan uwan da kuka san yana aiki da waya a hannu.