Alli a Gemun Malam Gwadabe

A zamanin da, a wata ƙasa mai ganuwa da ƙofofi bakwai, an yi wani Sarki da ya hau gadon ubansa yana ɗan shekara talatin. Tare da sarautar ya tarar da wata al'ada: a fadarsu furfura ce ke ba mutum wurin zama. Ba a rubuta ranar haihuwa a ƙasar, sai a dubi gemu. Mai fari ya matso kusa da Sarki, mai baƙi ya ja baya wajen takalma.

Ana nan sai Waziri ya rasu. Sarki ya sa aka yi shela cewa ranar sadakar arba'in za a naɗa sabo cikin manyan malaman fada biyu, Malam Gwadabe da Malam Nadabo, kuma wanda ya fi furfura shi ke da rawani.

To, Malam Gwadabe shekarunsa sittin da takwas, amma gemunsa baƙi wuluk kamar an tsoma shi a marina. Haka jinin gidansu yake, ubansa ma ya shiga kabari ba farin gashi ko ɗaya. Nadabo kuwa, wanda Gwadabe ya girme shi da shekara goma sha biyu, tun bai yi aure ba fari ya fara fito masa a gefen kunne, kafin ya kai arba'in kansa ya koma auduga. A wurin suna shi ake ba addu'a. A kasuwa mahauci ya ce masa Baba, ya yankar masa wuri mai taushi, Gwadabe na tsaye a ce masa "Malam, ɗan dakata." Alhali shi ya koya wa Nadabon riƙon alƙalami! Kowace safiya sai ya leƙa ruwan ƙwarya yana tone gemu, ko Allah ya sa ɗaya ya fito. Babu.

Da ya ji shelar, abinci ya ƙi shiga. Ya tafi gidan yayarsa Tabawa, mai kaɗin zare, ya same ta tana dangwala yatsa a alli tana murza mazari.

Ya ce, "Yaya, za a naɗa yaron nan Waziri ina raye. In durƙusa in gaishe shi, ni?"

Ta ce, "To ni zan haifa maka furfura? Dubi kaina, na ba saba'in baya, jiya wata ta tambaye ni ko uwata na ciki."

Shi dai idonsa na kan allin. Ta bi idon nasa, ta gane, ta tuntsire da dariya.

"Kai, Gwadabe! Da karatunka?"

"Yini ɗaya ne, Yaya. Rabin yini ma."

"Zane saƙi nake so, guda biyu."

"Haba, ɗaya dai."

"Biyu. In ba haka ba ka tafi da gemunka yadda ka zo da shi." Da ya amince ta ƙara masa da cewa, "Alli da ruwa ba sa shiri. Ko gumi ka kiyaye."

Gwadabe ya shige gida ya ce ba shi da lafiya, ya ƙi ganin kowa har kwanakin suka cika. Ran naɗi da sassafe Tabawa ta dama alli da ƙaro, ta bi gemun da tsinke sili-sili, ta bar ɗan baƙi nan da can don kada abin ya yi yawa. Ya naɗa rawani, ya sassauta amawali yadda gemun zai fito sosai. Lissafinsa shi ne za a tashi fada kafin azahar.

Da ya shiga, fadawa suka yi ta salati. "Ashe ciwon ya taɓa Malam haka!" Aka matsa masa, ya wuce gaban Nadabo ya zauna. Shekara arba'in yana jiran wannan takun. Ya saci kallon Nadabo ya ga yau yana bayansa, daɗi ya ratsa shi har ƙashi.

Sai dai ran nan wani manomi da makiyayi suka kawo ƙara kan gonar gero, shaidu tara, kowa da dogon bayani. Rana ta take. Gwadabe ya zagaya bayan gida sau ɗaya, ya dawo, ba a gama ba. Ana yanke hukunci ladan ya kira azahar. Sarki ya ce a yi salla tukuna, sannan naɗi. Aka jera butoci a tsakar fada.

Nadabo da kansa ya ɗauko buta ya miƙa masa. "Bismilla, Malam. Ko da alwalarka?"

Magana ɗaya ce. In ya ce "Da ita," shi ke nan, ba mai sani. Ya dubi butar, ya dubi rawanin Waziri da aka ajiye a kan faifai gefen Sarki. Bakinsa ya buɗe. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana koya wa mutane farillan alwala, ya tsaya gaban Ubangiji ba tsarki? Ya karɓi butar. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa, ya ɗebi ruwa ya kai fuska, ya sa yatsu ya tsettsefe gemu kamar yadda ya saba.

Farin ruwa ya gangaro kan baƙar rigarsa.

Fadawa suka zuba masa ido. Can wani dogari ya ƙyalƙyale, sauran suka bi. Sarki ya ɗaga hannu, aka yi salla, Gwadabe na sahun gaba gemu rabi fari rabi baƙi.

Da aka koma zama Sarki ya ce, "Malam, me ya kai ka?"

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, ƙyashi ne, ba zan ɓoye ba. Na girmi Nadabo nesa. Ana ce masa Baba ana ce mini dakata. Me ya yi ya sami farin nan? Barci ya yi ya tashi da shi!"

Nadabo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ban roƙa ba. Ranar da na je neman aure, yarinyar ta shimfiɗa mini tabarma ta ce bari ta kira kakarta, zatonta wurinta na zo."

Sarki ya danne dariya, ya sa aka kira Sarkin Aska, tsohon wanzamin fada, ya tambaye shi ko furfura na faɗin shekaru.

Wanzami ya ce, "Zaki, na aske kan garin nan kaf. Wani tun yana ashirin da biyar take zuwar masa, wani sai ya haura sittin. Wani a gemu take farawa, wani a gefen kai, wani gemu fari kai baƙi. Gida-gida ce, kamar tsawo da gajarta. In shekaru ake nema a tambaye mu, mu ke yi wa yara kaciya rukuni-rukuni. Ubana ya yi wa su Malam Gwadabe. Su Malam Nadabo kuwa ni na yi musu da hannuna, bayan damina goma sha biyu."

Sarki ya ce, "Daga yau an daina duban gemu a fadar nan. Wurin zama na shekaru ne, wanzamai su shaida. Malam Gwadabe, kai ne babba, Nadabo zai riƙa fara gaishe ka. Da ka zo mini da baƙin gemunka ka kawo wannan kukan, da yau kai ne Waziri. Amma Waziri idon Sarki ne, kai kuwa ka zo ka shafa wa idona alli. Alwalar da ka yi ta tsare maka wurinka a fada. Rawani na Nadabo ne."

Aka buga tambari, aka naɗa Nadabo. Kowace safiya sabon Waziri kan rusuna ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Gwadabe ya amsa da ka, idonsa na kan rawanin.

Bayan wata biyu Sarkin Aska na gyara masa gemu sai ya tsaya, ya matso da fuska.

"Malam, albishirinka. Ga uku nan sun fito, farare tas, na gaskiya."

Gwadabe ya shafa gemun. Can ya ce, "Tsige su. Yanzu me zan yi da su?"

Nan labarin ya tsaya. Allah ya sa mu iya zama da abin da muka tashi muka gani a kanmu.