Sabon Hinji a Tsohon Rami

Akwai wata gwauruwa a wani gari, tana zaune ita kaɗai a gidan da suka gina da mijinta. Gidan na ƙasa ne, amma tagoginsa na katakon maɗaci ne, ja wur, irin wanda yanzu sai ka gama yawon kasuwa ba ka gan shi ba. Shekarar da suka sa tagogin nan, masu wucewa har tsayawa suke yi su duba, ita kuwa ba ta manta ba. Mace ce da ba ta roƙon gishiri a maƙwabta. In babu, ta sha miyarta lami, ta fito ƙofar gida tana sakace.

Ana nan, shekaru suka tura. Mijin ya rasu, 'yarsu tilo, Tabita, ta yi aure a wani gari. Hinji, wato ƙarfen nan da ƙyauren taga ke juyawa a kansa, tsatsa ta cinye shi. Mariƙi ya fita ya bar ta da shi a hannu. Sakata ta daina shiga gidanta. Tagogin suka karkace kamar wuyan tsohuwar kaza, sai da igiyar rama take ɗaure su.

To, tana da ƙanen miji, wani ƙato mai baki, ana ce masa Baban Irmiya. Ba mugu ba ne can, amma idonsa ya daɗe a kan filin gidan. Ya tafi wurin dattijon dangi ya ce katakon ya mutu, gidan ya ƙare. Ya ce damina na ƙofa, ruwa zai shiga ta tagogin ya jiƙa bango, bango ya faɗa wa tsohuwa, duniya ta zagi dangi. Gara, in ji shi, ta koma wurin 'yarta, shi kuwa ya rushe ya gina wa ɗansa.

Dattijo ya kira ta ya yanke magana. Ya ce bayan kasuwa mai zuwa zai zo da kansa ya duba. In tagogi sun buɗe sun rufe sun riƙe, ta zauna a gidanta. In ba haka ba, ta haɗa kayanta.

Ta durƙusa ta ce, "Na ji, Baba. Amma ni da ke gabanka, ban tsufa don in ci tuwon suruki ina sunkuyar da kai ba."

Ranar kasuwa ta ƙulle tsohon hinji a bakin zane, ta nufi rumfar mai sayar da kayan ƙarfe. Ya ga tsohuwa, ya zaro mata wani mai ƙyalli kamar madubi, ya ce shi ake yayi. Ta ɗora shi a tafin hannu, ta ɗora tsohon a ɗayan, ta auna. Ta ce tsohon da tsatsa ta ci rabinsa ya fi wannan nauyi, ta tambaye shi ko gwangwanin madara ya aike ta ta saya. Mai rumfa ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro baƙi mai kauri. Ta ce irinsa take so na tagoginta duka, nan ciniki ya kankama. Ta taya, ya ce albarka. Ta kushe, ya rantse. Ta gyara ɗaurin zane ta kama hanya, ya kira ta. Ta dawo ba don tana so ba, wai don kada a ce ta raina shi. Har rana ta take suna abu ɗaya. Da ya sallama, ta ce saura mariƙi da sakata, aka sake sabon lale. Da aka gama wannan ma, ta tsaya ƙyam ta ce ba ta ga gyara ba. Ya damƙo notina, ƙusoshin nan da ake murɗawa, ya zuba mata, ya ce, "Mama, don Allah in kin tashi dawowa, ki zo ranar da ba na nan."

Kashegari dattijo ya zo, Baban Irmiya na biye da shi da sukundireba, ƙarfen murɗa noti, a aljihu. Aka shimfiɗa wa dattijo tabarma a inuwa. Baban Irmiya ya ce ɗaura hinji ba aikin mata ba ne, shi zai ɗaura, kada a ce ya ƙi matar wansa. Ya kama tagar da ke fuskar gabas, wadda ruwa ya fi duka. Ya sa sabon mariƙi, ya cire tsohon hinji, ya ɗora sabon. Ya ga ramukan tsofaffin notina suna nan a buɗe, sai ya bi su, don hanya ta riga ta samu. Notin ya shige sulul ba gardama. Kafin a sha ruwa a ajiye kwanon ya gama, ya kaɗe hannu.

Dattijo ya tashi ya kama sabon mariƙin ya ja. Sai ga ƙyauren taga ya biyo shi gaba ɗaya, da hinji da notina, ya faɗi a gabansa tim.

Baban Irmiya ya ce, "Ka gani ko, Baba? Ƙarfe sabo fil, amma ba abin da zai kama. Uwar Tabita, matarmu, ki haƙura. Katakonki ya bi mai shi."

Maganar ta soke ta har ƙashi, amma ba ta ba shi hawayen da yake jira ba. Ta je wurin katakon da ke jikin bango, ta sa ɗan yatsa a ramin noti. Ramin ya yi faɗi, garin tsatsa na zubowa daga ciki. Ta ɗauko wuƙa ta kankare gefensa kaɗan, sai ga ja wur, da tauri kamar ranar da aka sa shi. Ta tuna gona. Kowace mace da ta yi noma ta san in ruwan fartanya ya fara rawa a ƙota, ba a jefar da ƙotar, ramin ake cikewa.

Ta roƙi dattijo ya koma tabarmarsa. Ta shiga madafa ta fito da taɓaryarta ta kirya, wadda ta zo da ita gidan aure, wadda ko aro ba ta bayarwa. Ta ɗora kan taɓaryar a kan dutse, ta sa gatari ta tsage. Baban Irmiya ya ce yau kuma tsohuwa ta fara fasa kayanta da kanta. Ta zauna ta fiƙe 'yan turaku kamar ƙaramin yatsa, ta yashe ramukan tas, ta buga kowane turke a raminsa har ya ƙi shiga, ta datse abin da ya yi saura. Sa'an nan ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya ba ta sukundireba.

Wannan karon noti bai shiga da daɗi ba. Sai da ta huda masa ido da ƙusa, ta danna da ƙirji, tana murɗawa tana nishi. Tafin hannunta ya yi bororo, gumi ya jiƙa ɗankwali. Dattijo ya ce a taimake ta, ta ce wanda ya taimaka ɗazu ya isa. Ƙyauren kawai ta yarda aka riƙe mata. Inuwa ta tashi daga kan tabarmar dattijo kafin ta gama taga ɗaya.

Ta miƙe, ta share fuska, ta ce, "Baban Irmiya, ƙaramin miji, tun kana yawo ba wando nake zuba maka tuwo, na san ƙarfin da na sa maka a jiki. Zo ka ja. In ka cire ta, yau ba gobe ba, gidan naka ne."

Ya tofa yawu a hannu ya kama. Ya ja, taga ta buɗe ba ko ƙara. Ya rataya a jikinta da nauyinsa duka, ya tokare bango da ƙafa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya fizga, ya sake fizga, har hannunsa ya zame ya zauna daɓas a ƙasa. Taga ta yi lilo a hankali, ta koma ta rufe kanta.

Dattijo ya naɗe tabarmarsa. Ya ce wa Baban Irmiya sauran tagogin suna jiransa, ya yi su yadda ya ga an yi, mai gidan za ta tsaya a kansa. Ta kuwa tsaya, hannu a ƙugu, ba ramin da ya wuce ba ta sa yatsa a ciki ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, katakon nan kai ne, ke ce. Allah ne ya yi ka, bai kuwa yi ka da katakon banza ba. Sabon hinji shi ne Maganar da muke ji ran Lahadi, da alkawarin da muke ɗauka mu ce daga yau mun sake hali. Tsohon rami kuwa tsohon hali ne. Mutum ya fito gaban jama'a ya tuba da shan giya, Litinin ya koma zama a inuwar nan da abokan nan. Mace ta yi kuka ta ce ta bar gulma, da yamma ta ɗauki kujerarta ta nufi gidan da ake yi. Ai noti zai shiga da sauri. Duk tuban da ya shiga sulul, bai ci maka komai ba, ka ji tsoronsa. Ranar da aka ja, zai biyo hannu.

Sa'an nan masu kallo su ce, ai dama wane ba ya gyaruwa. Kai ma ka yarda, ka ce haka Allah ya yi ka. Ƙarya ce. Ba katakon ne ya mutu ba, ramin ne ba a cike ba. Cikewa kuwa ba da abin aro ake yi ba. Sai ka fasa wani abu naka da kake ji da shi: wata abota, wata hanya, wani girman kai. Zai yi zafi, hannu zai yi bororo, rana za ta yi nisa kana kan taga ɗaya.

Ku kuma da kuka manyanta, da ku da aka bari ku kaɗai, ku ɗaga kai. In an ce kun ƙare, kada ku yi gardama da baki. Ku yashe ramin, ku cike shi da addu'a da gaskiya, ku ɗaura abin da Ubangiji ya ba ku. In kun gama, ku matsa gefe, ku ce wa Shaiɗan ya zo ya ja.